Na Je Westland, Inda Tumatir Ba Ya Taɓa Ƙasa

Daga filin jirgin saman Schiphol da ke ƙasar Holan na hau jirgin ƙasa zuwa birnin Hague, daga nan kuma sai bas, don Westland ba ta da tashar jirgin ƙasa. Muna fita gari ana yayyafi, sai gidajen gilashi da ake noma a ciki dama da hagu, wannan na bin wancan iya ganin ido, ga magudanan ruwa suna ratsa tsakaninsu. Ɗan yanki ne tsakanin Hague da Rotterdam, amma tumatir da tattasan da ke fita daga cikinsa suna cikin abin da ya sa ake lissafa Holan a manyan masu fitar da kayan gona a duniya.

A garin Naaldwijk na sauka. Na fara leƙa World Horti Center, cibiyar baje kolin fasahar noman gidan gilashi da aka buɗe a 2018, amma abin da ya kawo ni shi ne gonar gaske, sai aka haɗa ni da wani manomin tumatir. Kafin in shiga sai da na wanke hannu, na taka ruwan magani, na saka farar riga har ƙafa. Tsoron cuta suke yi, kuma duk wanda ya ga ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ba zai ga laifinsu ba.

Ciki kuwa ko ƙwayar ƙasa babu. Kowane tushe yana zaune ne a kan wani abu mai kama da audugar da aka matse, an naɗe shi a farar leda, an ɗora a kan doguwar kwata ta ƙarfe. Dutse ne ake narkarwa a saƙa shi zare-zare. Na danna da yatsa, ruwa ya tsattsafo, ga fararen saiwoyi sun cika shi. Abin ba ya ciyar da shuka, riƙe saiwa da ruwa kawai yake yi. Abincin yana zuwa ta siririn bututu, ɗigo-ɗigo, irin sinadaran da muka sani a buhun NPK da wasu ƙari, narke a ruwa. Manomin ya nuna mini tankuna biyu da ba a haɗa takin cikinsu sai an tsarma shi sosai, don in sinadarin kalsiyam na tanki ɗaya ya gamu da sinadarin fosfet na ɗayan da kauri sai su dunƙule su toshe bututu. Kwamfuta ce ke auna tsami da gishirin ruwan, ta ƙara ko ta rage gwargwadon hasken rana.

Kan shuka yana bin igiya sama, in ya kai sai a sassauta igiyar a karkatar da shi gefe, har tsawonsa ya wuce mita 10 kafin shekara ta ƙare. Wasu manyan ƙudan zuma da ake saye a kwali su ke barbarar furanni. Murabba'in mita guda kan ba da kusan kilo 50 a shekara, wasu ma fiye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan. Ana tara na sama daga rufin gilashi, wanda ya wuce saiwa kuma ba ya zuba a banza: ana tace shi, a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa, a mayar. Na tuna yadda muke sakin ruwa a fadamun Kadawa lokacin noman rani, ya kwashe takin da aka saya da tsada ya gangara da shi.

Ban ga dalilin mu kwaikwayi gilashin ba. Don sanyi aka gina shi, da iskar gas ake ɗumama yawancinsa, kuma da farashin gas ya hau a 2022 manoma da yawa sun kashe fitilunsu. Mu zafin Maris da Afrilu ne matsalarmu, rumfar raga za ta fi mana amfani. Na tambayi manomin me zai maye gurbin wancan saƙaƙƙen dutse inda babu shi, ya ce ɓawon kwakwa, wasu kuma ƙonannen buntun shinkafa. Buntu kuwa tuli yake a bayan injinan Kura, kuma da shi zan fara gwada tushe kaɗan a bokitai in Allah ya kai mu rani.