Ɗinkin kayan doki a Newmarket

Ƙarfe biyar da rabi na asuba nake buɗe shago, domin a Newmarket dawaki ne ke tashin gari. Tun da duku-duku za ka ji ƙarar kofato a kan kwalta, ayari bayan ayari, sun nufi tudun Warren Hill inda ake motsa musu jini. Garin yana yankin Suffolk a Ingila, kuma dawakin da ake horarwa a cikinsa sun kai wajen 3,000. Kowanne yana da linzami da ragama da majayi da bargo, kuma ba wanda wata rana ba zai tsinke ko ya yage ba. Nan abincina yake, ni da yara biyu da ke aiki a hannuna.

Dukanci gadonsa na yi, amma da na zo nan sai da na koma ɗan koyo. Sirdin tsere in ka ɗaga shi sai ka rantse tafin takalmi ne, wani ko kilo ɗaya bai kai ba. Ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere da bayansa, in nauyin da aka ƙayyade bai cika ba sai a cika da dalma a aljihunan wani ƙyalle da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdin. Aljihunan nan ma mu ke ɗinka su.

Filayen tsere biyu ne, wata tsohuwar ganuwar ƙasa ta raba su. July Course na tsakiyar shekara ne, Rowley Mile kuwa na farkon kakar tsere da ƙarshenta. Sunan Rowley Mile ya samo asali daga laƙabin Sarki Charles na Biyu, wanda da kansa ya hau doki ya ci tsere a nan a 1671. A Rowley Mile ake yin tseren 2000 Guineas tun 1809, da 1000 Guineas na goɗiyoyi tun 1814, mil ɗaya miƙe sambal babu kwana. Makonnin da ke gaban waɗannan biyun, wajen farkon Mayu, ba ma ganin barcin kirki. Haka ma Oktoba, lokacin da kamfanin Tattersalls ke gwanjon dawaki 'yan shekara ɗaya, kowa na son sabuwar ragama mai sheƙi.

Abin da na fi tsoro a aikin nan shi ne madaurin likkafa. Mahayi ba ya zama, a tsaye yake, duk nauyinsa a kan fata siririya guda biyu, doki kuma yana gudun da ya kusa kilomita 60 a awa. Dab da ƙarshen Rowley Mile ƙasa tana gangarawa sannan ta hau, a nan doki ke rikicewa, a nan kuma ɗinki ke nuna halinsa. Ranar da dokin nan Frankel ya ci 2000 Guineas a 2011 da ratar tsawon doki shida, jama'a dokin suke kallo, ni kuwa idona na kan ƙafafun mahayinsa Tom Queally.

Kwanan baya wata yarinya mai kula da barga ta kawo madauri, ta ce a ɗan sake masa ɗinki kawai. A ido lafiyarsa ƙalau, ya sha mai yana ƙyalli. Na lanƙwasa shi daidai hudar da aka saba saka ƙarfe, sai ga tsaga ƙanana sun buɗe baki, gumi ya cinye fatar ta ciki. Na ce ba zan ɗinka ba, sai dai sabo. Maigidanta ya yi fushi, ya ce neman ciniki nake yi, ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri, har yau akwai kuɗina a hannunsa. Asarar ta yi mini ciwo ƙwarai, don babban barga ne. Madaurin na yanke shi biyu a gaban yarinyar don kada wani ya sake ɗaura shi, na rataye rabin a saman teburin da yarana ke aiki.