Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Manyan Baki

A makon jiya mun rabu a daidai inda Yaya ya dawo daga Abuja da kwamfuta ta hannu a cikin jakarsa, ya ajiye mini a kan tabarma ya ce, "Auta, ga ta nan. Kada in sake jin kin je roƙon ta mutane." Batirinta ba ya kai minti 40 idan aka ɗauke wuta, harafin E kuma sai an danne shi da ƙarfi kamar ana kashe kwarkwata. Amma dai tawa ce. Daren nan a gefen filona ta kwana.

A makaranta ana koya mana manhajojin zane na kwamfuta, Photoshop da CorelDRAW, sai dai na fi ba Corel ƙarfi, don duk shagon buga takardu da na taɓa shiga a Jos tambayar farko ita ce, "Da Corel kika yi?" Ban cika wata biyu da kwamfutar ba labari ya zaga dangi cewa Auta ta iya haɗa kati. Ana cikin haka bikin 'yar Gwaggo ya taso.

Gwaggo da kanta ta zo har Anguwar Rogo. Kati 300 take so, da kuma ƙaton kyallen fileks da za a rataya a ƙofar wurin walima. Na zauna kwana uku a kan aikin. Na zaɓi wani salon rubutu mai murɗe-murɗe da na sauke daga intanet, na yi masa ruwan zinare, na rubuta a sama da manyan haruffa: BARKA DA ZUWA MANYAN BAƘI. A fuskar kwamfutata komai ya zauna daram. Na zuba a filashi, na hau Keke zuwa wani shago a wajejen Terminus, kusa da kangon babbar kasuwar nan da ta ƙone a 2002, na biya rabin kuɗi na koma gida ina jin kaina.

Abin da ban sani ba shi ne salon rubutun nan ba shi da Ƙ. Kwamfutata ce ta yi mini rufin asiri, ta aro harafin daga wani salon ta cike gurbin, ni kuwa ban lura ba. Da yaron shagon ya buɗe aikin a tasu, sai ya ga ɗan akwati a inda harafin yake. Ba Bahaushe ba ne. Ya share akwatin ya sa K, ya buga.

Ranar walima, dangin ango suka sauko daga mota suka tarar da MANYAN BAKI yana yi musu maraba, kowane harafi ya kai tsawon kamu. Da a ce wani bikin ne da babu mai kulawa, domin mu duka haka muke rubutu a waya, babu ƙugiya, mai karatu ya cike da kansa. To amma an sha ƙananan maganganu a kan lefe kafin ranar, kuma a cikin dangin angon akwai wata tsohuwar malamar firamare. Ta tsaya, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi yadda aka rubuta, ta ce, "To, mun gode. Mu masu manyan baki mun iso." Ƙawayen amarya suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ta neme ni da ido a cikin taro ta same ni.

"Ke yanzu bokon da ake kashe wa kuɗi ke nan?"

"Gwaggo, wallahi ba haka na rubuta ba."

"Aljanu suka rubuta."

Washegari na koma shagon da faɗa a bakina. Mai shagon ya bar ni na gama, sannan ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini. Ya ce laifin yaronsa rabi ne, rabin nawa ne. Duk mai kawo aiki, kafin ya fito daga gida, sai ya zaɓi rubutun ya danna Ctrl da Q, rubutun ya tashi daga haruffa ya koma zane, ta yadda babu kwamfutar da za ta iya sauya shi. Abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Har yau idan zan aika aiki sai na danna maɓallan nan biyu, sannan in sake dubawa, kamar mai duba ko ta kashe risho.

Zangon karatun da ya biyo baya Malam ya ba mu babban aiki: kowa ya zaɓi abu guda ya yi shi da hannu, ya yi shi da fenti, sannan ya kammala shi a kwamfuta. Malam ɗan Zariya ne ta wajen karatu, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce za su koyi dabarar Turawa amma da kayan gidansu za su yi aiki. Uche Okeke ya ɗauki zanen uli na matan Ibo. Sai Malam ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku fa, me kuka baro a gida?"

Ni ciwon Ƙ bai sake ni ba. Na ce zan yi allon abacada na Hausa, na yara, kowane harafi da hotonsa, kuma haruffan ni zan zana su.

Masu bin labarin nan tun farko sun san sharaɗin da Baba ya kafa kafin ya bar ni in karanci zane: hoton abu mai rai ba zai hau bangon gidansa ba. Zanen mutane da ake sa mu a aji, a ɗakin wata ƙawata nake barinsa. Ba zan shiga muhawarar malamai a kan wannan ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne ina son wannan aikin ya shiga gidanmu ta ƙofa. Saboda haka babu akuya a A, babu zaki a Z. Na bi gida da littafin zane: buta, cokali, daro, faifai, hula, kujera, ludayi, tsintsiya, shantun Inna da ya yi shekaru a bayan gado. Ɓ ta samu ɓawon gyaɗa, Ɗ ta samu ɗankwali, Ƙ ta samu ƙwarya. 'Y ce ta wahalar da ni. Abin da ya fara zuwa raina 'yar tsana ne, ita kuwa ga ido ga hanci. Kwana biyu ina juyawa, sai da Inna ta cire 'yan kunnenta za ta yi alwala sannan na ce alhamdu lillahi.

Zanen tsintsiya ya koya mini abin da aji bai koya mini ba. Na ɗauka na san tsintsiya, kullum da ita nake tashi. Sai da na zo zana ta na ga ban taɓa duba yadda aka ɗaure gindinta ba, ko yadda bakinta ke cinyewa ta gefe guda saboda hannun mai shara.

Don neman adon gefe na tafi gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. An taɓa kai mu muna firamare, abin da na riƙe a lokacin bai wuce gidan namun dajin da ke kusa ba. Wannan karon na daɗe a gaban tsofaffin kawunan yumɓu na Nok, masu idanu kamar kusurwa uku da huji a tsakiya, waɗanda haƙar kuza ta tono daga ƙasa. Amma inda na yini shi ne sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Na zauna a ƙasa ina kwafar layukan bango da bakan gizon rufi har mai gadi ya zo ya ce, "Hajiya, za mu rufe."

Sashen fenti kuwa aikin talaka muka yi. Kyallen zane na kanti ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka yadin akoko muke saye, kafinta ya haɗa mana firam, mu ja yadin mu buga ƙusa, mu shafe shi da farin fentin bango da aka dama da gam. Na tankaɗe jar ƙasa na cuɗa da ƙaro na yi bangon hoton da ita, ya fito da kaushi kamar shafen makuba. Lokacin hunturu ne, kuma wanda ya san Jos a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Yatsu sun ƙage, fentin akirilik kuma yana bushewa a kan buroshi kafin in kai shi jikin yadi.

Saura haruffa. A nan ne na tafi wurin Kawu.

Kawu alaramma ne a Gangare, kuma shi ake kai wa allo idan yaro zai yi sauka ya yi masa zayyana. Tun ina ƙarama nake ganinsa da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa, da 'yan kwalabe na ja da kore da ruwan ɗorawa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin da yake yi da abin da nake karantawa dangin juna ne ba. Ba ya auna komai da rula. Da'ira da bakin kofi yake fitar da ita, sauran kuma ido ne. Na nuna masa Ƙ da Ɗ da Ɓ da na zana a kwamfuta. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƙugiyar liƙa ta aka yi," in ji shi. "Ba daga jikin harafin ta tsiro ba."

"Kawu, to yaya zan yi?"

"Miƙo allon can."

Ya tsoma alƙalami ya ja wawi guda, ya nuna mini yadda layin ke farawa da kauri, ya sirance a inda hannu ya juya, ba tare da an ɗaga alƙalami ba. Ya sa na ja ƙugiya ta fi hamsin a allon, yana cewa wanke, sake. Wadda ya yarda da ita na ɗauka a waya, na shigar kwamfuta, na bi ta ɗigo bayan ɗigo har ta zauna a kan haruffan uku, manya da ƙanana. Mako guda cur a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba idan an buga.

Wajen bugawa na sake cin karo da wani abin. Na yi wa gefen allon shuɗi mai sheƙi irin na rawanin da aka rina aka buga, a fuskar kwamfuta kamar ka taɓa ya shafe ka. Da gwajin farko ya fito, sai ga wani shuɗi mai duhu, a mace. Kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugawa kuwa tawada huɗu gare shi, shuɗi mai haske (cyan) da ja mai ruwan hoda (magenta) da rawaya da baƙi, kuma akwai shuɗin da haske ke iya yi wanda tawada ba ta kai wa. Sau huɗu ina biyan kuɗin gwaji a takardar A3 kafin na samu wanda zan iya kallo ban ji haushi ba. Wannan karon kuwa na danna Ctrl da Q tun daga gida.

Malam ya karɓi aikin ya ce adon gefen ya yi yawa, yana jan ido daga haruffa. Gaskiya ya faɗa, ko da yake a ranar ban yarda ba. Kawu ya bi Ƙ da ɗan yatsa ya ce, "Wannan tawa ce," ya miƙo mini ya ci gaba da lazimi.

Baba na bari a ƙarshe. Bayan la'asar na shimfiɗa takardar a gabansa na koma gefe na durƙusa. Ya fara daga A, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, na san abin da yake nema. Ya kai kan 'yan kunne ya tsaya.

"Waɗannan ba na uwarki ba ne?"

"Nata ne, Baba."

"Ni na saya mata su." Ya yi shiru. Can ya ce a kira Yaya ya kawo ƙusa, a kafa shi a zaure inda yara ke karatun dare.

Kwana tara yana rataye a wurin, sai ga wata mata ta yi sallama, ta ce ita ce shugabar wata Islamiyya a Rikkos, ɗanta ne ya ba ta labari. Tana son guda 50. Ta buɗe jaka ta ce, "Nawa ne kuɗin aikinki?" Na san kuɗin takarda, na san kuɗin bugawa, har kuɗin Keke na sani. Nawa aikin kuwa ban taɓa yi masa kuɗi ba. Na buɗe baki na faɗi wani adadi, Inna da ke bayan labule ta yi salati.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.