Jirgin da ke shan kwana kamar ɗan acaba

Jiya da yamma muna tashar Agege muna jiran jirgin Oyingbo sai ƙanina ya miƙo min waya wai Yaya kalli ikon Allah. Jirgin ƙasa ne a Japan, ya shigo kwana tsakanin duwatsu sai kawai ya kwanta gefe guda, sak yadda ɗan acaba ke kwantar da mashin. Na ce kai wannan ai kifewa zai yi, ya ce a'a haka aka ƙera shi.

Ashe ma tsohon abu ne. Tun 1973 suka fara da samfurin 381 mai amfani da lantarki, a jirgin Shinano da ke tashi daga Nagoya zuwa Nagano, irin jiragen nan da ba sa tsayawa a ƙananan tashoshi kuma sai ka ƙara kuɗi a kan tikiti. Hanyar tsaunuka ce, kwana kan kwana. To taragon ba a ɗaure shi tamau da ƙafafun ba, a kan wasu rola yake zaune, da an shiga kwana sai ya karkata da kansa har digiri 5, direba ba sai ya rage gudu sosai ba.

Amma fa fasinja sun ji jiki, don karkatar a makare take zuwa, jirgi ya riga ya shiga kwana sannan tarago ya biyo da lilo, ga jiri ga tashin zuciya, musamman a jirgin Yakumo na Okayama zuwa Izumo wanda ya samu irinsa a 1982. Ni da ko kwale-kwalen Ikorodu ke juya min ciki ai da na shiga uku. Daga baya suka sa kwamfuta da ta haddace inda kowace kwana take, ta fara karkatar da tarago a hankali tun kafin a iso, haka samfurin 383 yake. Shi 381 sai 2024 ya yi ritaya, samfurin 273 ya gaje shi a jirgin Yakumo.

Abin da ya tsaya min a rai faɗin layin ne, milimita 1,067, wallahi daidai da tsohon layinmu na Iddo zuwa Kano wanda Baba ya hau ya zo Ikko neman kuɗi, har yau in ya tuna tafiyar sai ya dafa baya. A kan wannan siririn layin su suke gudun kilomita 120 zuwa 130 a awa. Na san ba taragon kaɗai ba ne, akwai wuta akwai kula da layi kullum, amma dai abin ya ci min rai.

Na ce wa ƙanina ya tura min bidiyon in nuna wa Baba.