Soyayyar agada da haɗin fiya: aikin ya fi yawa kafin a ɗora kasko

Agada ba a gonakin Katsina ake nomanta ba, fiya ma haka. Agada daga Kudu take taso mana, daga jihohi irin su Ondo da Edo, fiya kuma daga Filato da Mambila da wasu sassan Kudu. Da yawa daga cikin kayan sai sun sauka a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano kafin 'yan sari su ƙaraso da su nan. Dukansu da ɗanyantakarsu ake tsinko su, don haka nunarsu a hannun mai sana'a take ƙarasawa. Riba da asarar wannan abinci duk a nan suke: a samu agada da fiya su nuna rana ɗaya.

A wurinmu agada kashi uku muke saro ta: wadda za a soya yau, wadda ta fara yin rawaya, da koriya shar ta ƙarshen mako. Ta suya ita ce wadda bawonta ya yi rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, in an matsa ta ɗan lotsa amma ba ta luguiguice ba. Wadda ba ta kai ba takan fito da tauri, babu zaƙi. Wadda ta yi baƙi ƙirin kuwa sukarinta ya yi yawa, tana shan mai, bayanta ya ƙone tun cikin bai soyu ba. A bazara, lokacin da zafin Katsina kan kai digiri 40, koriyar agada na iya nuna cikin kwana uku ko huɗu, sai a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Da hunturu kuma nuna take ƙi, bawon ya bushe ya manne, sai an haɗa ta a kwali da ayaba nunanniya an rufe, domin iskar da ayabar ke fitarwa ita ke gaggauta nunar. Fiya ma dabarar ke nan. Kada a kuskura a sa ɗanyar agada a firji, sanyi yana baƙanta bawon, ta kuma daina nuna yadda ya kamata.

'Yar'uwa, ki lura da wadda aka nunar da kabayid, sinadarin da wasu ke sa wa kayan marmari don su nuna da wuri, abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Bawon zai yi rawaya bai ɗaya gwanin sha'awa, amma cikin da tauri, ba ƙamshi. Ko da sauƙin kuɗi a bar musu kayansu, lafiyar mai ci ta fi.

Fiya ta fi agada saurin ba da kunya. A tafin hannu ake gwada ta, ba da ɗan yatsa ba, don duk inda aka danna da yatsa nan zai yi baƙi a ciki. In ta ɗan ba da kai kaɗan, ta yi. A ɓalle ɗan hancin da ke samanta: kore a ƙarƙashi alama ce mai kyau, ruwan ƙasa kuwa ta wuce. Wadda ta nuna kaɗai ake sa wa a firji, tana iya ƙara kwana biyu zuwa uku. Duk sarin da aka yi sai an samu ruɓaɓɓiya ko mai zare-zare a ciki, saboda haka a lissafa wannan a kuɗin faranti tun farko.

Ga ma'aunin faranti 10: agada matsakaiciya 10, man gyaɗa lita 1, fiya manya 4, tumatir masu tauri 4, albasa ja babba 1, attaruhu 1 ko 2, lemon tsami 5, gishiri ƙaramin cokali 1, da ɗan lawashi.

Haɗin ake fara shiryawa, amma ban da fiyar. A yanka albasa ƙanana sosai, a jiƙa ta a ruwan lemon tsamin da rabin gishirin na minti 10, wannan ke kashe mata yaji da warin da ke danne komai. Tumatir a wanke shi da ruwa mai tsabta, tunda ba wuta zai gani ba, a tsaga a cire 'ya'yan da ruwan cikin, naman kawai za a yanka. In aka bar ruwan, kafin rabin awa haɗin ya tsinke ya koma miya. Tumatirin rani na Danja da na fadamun Ajiwa, mai tauri, shi ya fi dacewa. Na damina ruwa gare shi, sai a rage yawansa. Attaruhu a cire 'ya'yansa a yanka siri-siri, kada a jajjaga.

Sai suya. A yanke kai da gindin agada, a tsaga bawon a tsaye, a yanka ta a karkace, kaurin kamar santimita 1. Siririya tana bushewa, mai kauri kuma cikinta ba ya soyuwa. Gishirin da ya rage a barbaɗa daf da sakawa a mai, don in ya jima a jiki ruwa yake tsatso mata, man ya riƙa fantsama. Mai ya kai zurfin da zai kusa rufe yankan, zafinsa tsakanin digiri 170 da 180. Wanda ba shi da ma'auni ya jefa yanka ɗaya: in ya fara ƙananan kumfa nan take yana tasowa, ya yi. In ya nutse shiru, da saura. In man na hayaƙi, a sauke ya huce. Minti 2 zuwa 3 kowane gefe, juyi ɗaya, har ta yi ja mai sheƙi. Babban kuskuren masu gaggawa shi ne cika kasko. Zafin mai yana faɗuwa, agadar ta manne da juna ta sha mai, kuma man da ta sha daga ribarki yake fita. Bayan kowane zubi a tsame ɓurɓushin da ya rage, shi ke ƙonewa ya sa ɗaci. A kwashe a gwagwa, a baje, kada a tula.

Fiya sai an ga mai saye ake yanka ta. A raba biyu, a cire ƙwallon, a yayyanka a cikin bawon kamar girman wake babba, a kwaso da cokali kai tsaye cikin albasa da lemon tsami. Iska ce ke mayar da ita ruwan ƙasa, tsamin lemon ke jinkirta hakan, amma ko da shi bai kamata haɗin ya wuce awa biyu a waje ba, a zafi ma awa ɗaya. Juyi biyu ko uku a hankali ya isa, in an matsa ta dame. Mutanenmu sun fi so da ɗan yajin ƙuli a kan agadar, ni ma na fi ganin dacewarsa fiye da ƙara attaruhu a haɗin.

Ga masu oda ta WhatsApp, musamman ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da masu buɗa-baki a azumi, haɗin a ƙaramar roba daban ake zuba shi, a cika ta taf don kada iska ta samu wuri. Agada ta sha iska minti 5 kafin a rufe, a kuma huda murfin, in ba haka ba tururi zai jiƙa ta kafin mai babur ya kai Ƙofar Ƙaura. A azumi a yanka albasa da tumatir bayan la'asar, a fara suya saura kamar minti 40 a kira magariba, fiya kuwa ita ce ta ƙarshe kafin a ɗaure leda.