Godiya daga iyalin gidanmu na Yelwa, Garwa, bayan jinyar Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ƙannena da dukan iyalin gidanmu da ke unguwar Yelwa a Garwa, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar mahaifiyarmu Hajiya, wadda yanzu tana gida, kumburin ƙafafunta ya saɓe, har ta koma yin salla a tsaye.

Da yake labari ya kai Marwa da Ngaundere cewa an fara yi mata wankin ƙoda, ya kamata in fayyace cewa abin bai kai nan ba. Hajiya ta daɗe da ciwon suga da hawan jini, waɗanda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma a tsakiyar zafin bazara ne ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta ya riƙa yin kumfa. An auna kiriyatinin a jininta, wato dattin da tsokar jiki ke fitarwa wanda ƙoda ke tacewa, aka haɗa da shekarunta da jinsinta aka fitar da lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, wadda takardar asibiti ke rubutawa DFG. Tata ta nuna 22.

Godiyata ta musamman ga likitan da ya zaunar da mu, ya juya bayan takardar ya zana mana layi da biro, ya rubuta 90 a sama, 60 a tsakiya, 15 a ƙasa. Ya ce mai lafiya yakan kasance daga 90 zuwa sama, kuma ba a cewa ciwon ƙoda ya zauna sai lambar ta tsaya ƙasa da 60 fiye da wata uku, ko kuma furotin ya ci gaba da fita a fitsari tsawon wannan lokaci. Maganar wankin ƙoda kuwa takan taso ne idan lambar ta faɗi ƙasa da 15 kuma jiki ya nuna alamun gazawa. Saboda haka ya ƙi yanke hukunci da awo ɗaya, domin ƙarancin ruwa a jiki da ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su dikilofenak, da take saye a kemis, suna iya sauke lambar na ɗan lokaci. Da aka sake awon bayan wata uku sai ta nuna 28, wato mataki na huɗu cikin matakai biyar na ciwon ƙoda. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya rage saurin lalacewar sauran. A ganina wannan bayanin ya yi wa gidanmu amfani kamar maganin da ya rubuta, domin ya kashe gardamar da ta taso a tsakaninmu kan kai ta Yawunde.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya, da samarin masallacinmu da suka ba da jini lokacin da nata ya yi ƙasa, abin da likita ya ce ya zama ruwan dare ga masu ciwon ƙoda, tunda ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Haka nan Kawu da 'yan uwa na Mubi da suka aiko da gudummawa, da maƙwabtan da suka riƙe mana yara, Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Masu niyyar zuwa dubiya muna maraba da ku bayan la'asar. Sai dai muna roƙon a dakata da kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe, duk da mun san ƙauna ce ke sa a kawo, domin likita ya hana ta shan duk abin da bai gani ba. Masu aiko da abinci kuma a rage gishiri da magi, kada a sa kanwa, kilishi ma a bar wa jikoki.

Wassalamu alaikum.