Buhun kana da ya ci mini albashi

Jiya na miƙa makullin garka, bayan shekara 4 ina ban ruwa a bakin gulbi nan Yamai. Shekara huɗun nan an yi abubuwa da yawa, amma buhun saiwar kana, wani furen ado da ake shukawa a gidaje, shi ne ya ƙi fita raina.

Watan Afrilu ne, zafi ya wuce digiri 40. Wata Hajiya a unguwar Filato ta ce tana son kana 40 a jikin katangarta, ja da rawaya. Maigida ya ce in tono su tun ranar Litinin, in zuba a buhun leda in ɗaure, mota za ta zo. Na ce, "Alhaji, leda cikin wannan rana?" Ya ce, "Kai yaro, yaushe ka fara koya mini aiki?" Motar ba ta zo ba sai Alhamis.

Laifina ɗaya ne, kuma ban ɓoye shi ba. Da na kwance buhun na ji tsami, na taɓa saiwar na ji ta yi laushi, amma tsoron faɗa ya sa na shuka su haka nan, har na cika musu ruwa. Mako uku, guda 6 kaɗai suka fito. A gaban Hajiya maigida ya ce wai hannuna ne ba shi da albarka, ya yanke mini jika 15 daga albashi. Maganar leda ko sau ɗaya bai ɗauko ta ba.

Masu saye na ce wa kana albasa, alhali saiwa ce mai gaɓa-gaɓa kamar citta, kuma numfashi take. In ka tono, ka shanya ta a inuwa. Ka yanka kowane gutsure da ido biyu ko uku, ka bar yankan ya kwana ya bushe. Zurfin yatsa huɗu ya isa, idon na kallon sama, kamu ɗaya tsakaninsu. Kafin ta tsiro ruwa kaɗan, don a lokacin ne take ruɓewa. Da ganyen nan mai kama da na ayaba ya buɗe kuwa, ba ta ƙoshi da ruwa, shi ya sa wadda ke bakin magudanar wanke-wanke ta fi kowacce kyau. Taki kuma sai wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙona ta yake.

Sauran darussan da na koya ba su da yawa. Ƙwayarta baƙa ce mai tauri kamar harsashi, sai an kankare ta take tsirowa da wuri. Umarnin da ka san zai ɓata aiki, ka sa a maimaita shi a gaban shaida.

Guda shidan nan sun yi 'ya'ya, bara na rarraba su suka rufe katangar duka. Hajiya ni take kira yanzu, ba ta bi ta garka.