Yadda na gane macijin da ke ƙarƙashin famfon gidana

Wani dare bayan an ɗauke ruwan sama, na haska tocila ƙarƙashin famfon da ke ɗiga a bayan gida, sai ga ƙaramin maciji a naɗe, tsawonsa bai wuce rabin mita ba. Hasken na samunsa ya baje kansa ya yi faɗi, ya ɗaga gaba yana kai sara a iska. Gabana ya faɗi, domin na daɗe ina jin ana cewa duk maciji mai faffaɗan kai mugu ne, kuma kububuwa ce ta fara zo mini a rai.

Na ja da baya taku uku, na ɗauki hotonsa da waya, na ƙara girman hoton ina dubawa a natse. Fatarsa na da santsi, launin toka mai sirkin kore, da ƙananan ɗige-ɗigen fari. Bayan kowane ido akwai baƙin tabo mai sheƙi kamar an shafa masa mai, leɓensa na sama kuma ja ne. Ɓawon da ke saman kansa manya ne a jere, alhali na kububuwa ƙanana ne masu kaushi, ita kuma idan ta fusata takan goga jikinta ya riƙa ƙara kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Wannan bai yi hakan ba.

Wani masanin macizai da na tura wa hoton ya tabbatar mini cewa Crotaphopeltis hotamboeia ne, wanda Turawa ke kira herald. Kwaɗi ne abincinsa, kuma danshin famfona ne ya tara masa su. Haƙoran dafinsa suna can ƙuryar baki, dafin kuma ba shi da ƙarfi a jikin mutum. Baje kan nan barazana ce kawai don a ƙyale shi.

Duk da haka ban sa masa hannu ba, kuma ba na shawartar kowa ya sa. Boomslang ma, wani macijin bishiya na Afirka, a ƙurya haƙoransa suke, amma shi ya sari fitaccen masanin macizai Karl Schmidt a Shikago a 1957, washegari ya mutu. Da doguwar tsintsiya na tura macijin nawa cikin bokiti, na rufe, na kai shi nesa da gidaje na sake shi, da gari ya waye kuma na gyara famfon.